Daga Fada Zuwa Jami'a: Tarihin Koyon Aikin Labari Da Sanin Jama'a

Duk shekara, idan jami'o'inmu na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato suka yi bikin yaye ɗalibai, cikin waɗanda ake miƙa wa takardar shaida akwai jama'a masu yawa da suka ƙare shekarunsu kan ɗayan fannoni biyu, watau ilmin sadarwa da aikin jarida, ko kuwa ilmin zamantakewar al'umma. Kuma tambayar da iyaye kan yi tun ranar da yaro ya kawo takardar shiga ba ta sake ba har yau: in ya gama, wane aiki zai yi da shi? Likita an san asibitinsa, lauya an san kotunsa, amma wanda ya karanta halin jama'a, ina ma'aikatarsa? Tambaya ce ta masu hankali, kuma ba za a amsa ta bisa haƙiƙa ba sai an koma baya an duba yadda mutanen ƙasar nan suka koyi isar da labari da sanin jama'a tun jami'a ba ta zo ba, sa'an nan a ga abin da jami'ar ta ƙara, da abin da ta bari ya zube a hanya.

Kafin zuwan Turawa, isar da labari sana'a ce mai masu ita. A fadar kowane sarki akwai masu shela, waɗanda in an yanke umarni, na haraji ko na gayya ko na ganin wata, sukan bi kasuwa da ƙofofin gari suna ɗaga murya har kowa ya ji. Akwai sankira da maroƙa, waɗanda suka haddace asalin gidaje da tarihin sarauta. Akwai manzanni da jakadu masu kai saƙo su komo da amsa, da kuma abin da idonsu ya gane musu a hanya. Akwai magatakarda, malamai masu rubuta wasiƙu da Larabci a buga musu hatimi. A daular Sakkwato, gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne mahaɗar wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas. Nana Asma'u kuwa, matar Wazirin nan, ta tsara abin da ya fi wannan nisa, gama ta zaɓi dattawan mata da ake kira jajis, ta naɗa musu malfa, ta koya musu waƙoƙin wa'azi da harshen da matan ƙauye ke ji, ta aike su su kai ilmi har cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Duk waɗannan ba wanda ya koyi aikinsa a aji. Gado ne, ko kuwa bin ubangida shekara da shekaru, yaro yana riƙe jaka yana kallo, har ranar da za a ce masa yau kai za ka faɗa.

Amma ladabin labari, watau yadda ake rarrabe sahihi da ƙarya, wannan a zauren malamai yake. Ɗalibin hadisi tun yana matashi ake cusa masa cewa riwaya ba ta karɓuwa sai an san isnadinta, wane ya ji daga wane, kuma kowane mai riwaya sai an auna adalcinsa da ƙarfin haddarsa. Har malamai suka keɓe fanni guda domin tantance mutanen da ake karɓar magana daga gare su. Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, shi ya ƙara wani mataki a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377. Ya lura cewa ƙarya kan shiga labari ta ƙofofi da yawa, kamar son zuciya ga wata ƙungiya, da yawan amincewa da mai kawo magana, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo. Amma babbar ƙofa a wurinsa ita ce jahiltar ɗabi'ar zaman mutane, domin wanda bai san yadda gari ke ci da sha da mulki ba, kome aka faɗa masa sai ya haɗiye. Saboda haka ya kafa ilmin zaman al'umma ya zama ma'aunin labarai. A nan nake ganin asalin mas'alarmu: fannonin nan biyu da jami'a ta ba ɗakuna dabam-dabam, a hannun wannan malami abu ɗaya ne, ɗaya yana tsaron ɗaya.

Jarida ta zamani da harshen Hausa ta kafu sosai ne a watan Janairu na 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya ƙarƙashin Hukumar Talifi, wadda Dokta Rupert East ke shugabanta. Editanta, Malam Abubakar Imam, malamin makaranta ne daga Midil ta Katsina, wanda aka san alƙalaminsa ta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Bai taɓa zama a ajin koyon jarida ba, don kuwa a duk Nijeriya babu irin wannan aji a lokacin. Abin da ya shigo da shi shi ne Larabcin gidansu, da Turancin Kwalejin Katsina, da kunnen da ya san inda Hausa ke daɗi da inda take tuntuɓe. Sauran a kan tebur ya koye shi, tsakaninsa da East da masu jera baƙaƙe, fiye da shekara goma. Babbar makarantar gidan kuwa ita ce wasiƙun masu karatu. Malamin makaranta a Bauci, da akawun En'e a Gusau, da sojan da yaƙi ya kai ƙasar Bama, kowa yana aiko da kukansa ko shawararsa, edita yana zaune yana warware takardu, yana auna wadda za a buga da wadda in an buga ta sarki zai fusata ko Razdan ya kira. Kuma ta haka, ba tare da an ba abin suna ba, yake nazarin al'umma kowace safiya. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sa'an nan Yaƙi da Jahilci ya kankama a shekarun 1950, ƙananan jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano suka fito, su ma malaman makaranta da akawuna aka ɗebo suka riƙe su.

Rediyo ma haka ya samo mutanensa. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, kuma waɗanda suka cika ɗakunansu an zaɓe su ne don murya da hankali da iya magana, aka tura su gajeren kwas, sauran aka bar wa aiki. Har jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966 ta kuma zama murya mafi nauyi a Arewa, editocinta na farko 'yan ƙasa ba jarida suka karanta ba: Malam Adamu Ciroma tarihi ya yi a Ibadan, Malam Mamman Daura kuwa tattalin arziki a Dablin. Wannan ya kamata mai yabon takardar shaida ya riƙa tunawa da shi, ko da yake bai zama hujjar raina ta ba, gama mutanen nan sun zo da ilmi mai zurfi a wani fanni, sun kuma tarar da dattawan da za su gyara musu hannu.

Ra'ayin cewa a koyar da wannan sana'a a jami'a daga Amurka ya fito. Jami'ar Misuri ta buɗe makarantar aikin jarida a 1908, alhali Jami'ar Shikago ta riga ta kafa sashen ilmin zamantakewa tun 1892. Abin lura shi ne, mutumin da ya fi ɗaukaka sashen nan na Shikago, Robert Park, ɗan jarida ne da ya yi shekaru yana bin kotuna da unguwannin talakawa yana ɗauko rahoto kafin ya zama malami, kuma abin da ya riƙa matsa wa ɗalibansa shi ne su bar ɗakin karatu su shiga gari su ga mutane da idonsu. Daga baya Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka bi masu zaɓe a wata gunduma ta jihar Ohayo lokacin zaɓen 1940, suka gano cewa saƙon rediyo da jarida sau da yawa ba ya juya zuciyar mutum kai tsaye, sai ya bi ta bakin wani da ya amince da shi, maƙwabci ko dattijo ko abokin aiki. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gida a Kano da magariba, aka kashe rediyo bayan labaran duniya, kowa ya juya yana jiran abin da malam ko mai unguwa zai ce, ya san wannan tun bai karanta shi ba. Amma fa'idar masu binciken ita ce sun auna abin, sun mai da shi ƙa'idar da za a koya wa wanda zai tsara saƙo. Bilhasali, ilmin sadarwa na jami'a daga cikin ilmin zamantakewa ya tsiro, malamansa na farko da yawa daga can suka ƙetaro.

Da Nijeriya ta sami mulkin kai, Jami'ar Nsukka, wadda aka gina bisa tsarin Amurka, ta buɗe kwalejin aikin jarida a 1961 ta sa mata sunan Jackson, don tunawa da gidan da ya riƙe wata tsohuwar jaridar Legas. Jami'ar Legas ta bi baya a 1966 da taimakon hukumar UNESCO. Arewa ta jira har ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta buɗe nata sashen, kuma daga nan ne aka fara samun masu digiri a wannan fanni da suka tashi da Hausa a bakinsu. Zamanin ya dace da su ƙwarai, domin jihohi sun yawaita, kowace tana son gidan rediyonta da talabijin da ma'aikatar watsa labarai, Kano ta kafa jaridar Triumph a 1980, ta kuma kafa 'yan'uwanta na Hausa, Albishir da Alfijir ta ajami. Saboda haka wanda ya fito da takarda a lokacin, kujera ce ke jiransa.

Ilmin zamantakewa kuwa ya shigo ƙasar Hausa da wata riga dabam. Tun kafin a koya mana shi, mu aka fara nazari. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ya rubuta yadda sarautarta ke tafiya. Matarsa Mary ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Polly Hill ta ƙidaya gonaki da rumbunan Batagarawa gida-gida. Littattafai ne masu daraja, amma don masu karatu na ƙetare aka yi su. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa sashenta, 'yan ƙasa irin su Dokta Ibrahim Tahir, wanda ya yi bincikensa kan malamai da attajiran Kano, suka karɓi alƙalamin, sai abin ya juya, wanda ake kallo ya zama mai kallo. Ɗaliban wannan sashe ba a horar da su don sana'a guda mai suna ba, kuma nan ne iyaye ke ruɗewa. Abin da ake ba su shi ne dabarar tambaya: yadda ake zaɓen mutanen da za a tambaya don kada ra'ayin unguwa ɗaya ya zama na gari duka, yadda ake tsara tambayar da ba ta jan mai amsa, yadda ake mai da amsoshi lissafi, da yadda ake rubuta sakamako ko da ya saɓa wa abin da mai bincike ke so. Da wannan suka shiga aikin mulki, da walwalar jama'a, da gidajen yari, da 'yan sanda, da hukumar ƙidaya, da manyan ayyukan gona irin waɗanda Bankin Duniya ya tallafa a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, inda aka gane cewa kawo taki da iri abu ne mai sauƙi, sanin dalilin da zai sa manomi ya karɓa ko ya ƙi shi ne aikin.

Gwamnati da kanta ta ga giɓin da ke tsakanin aji da ma'aikata, shi ya sa a 1973 aka ƙirƙiro tsarin tura ɗalibai koyon aiki, a shekarar da aka fara hidimar ƙasa. A nan ne ake ganin ƙarfin horon jami'a da rauninsa a fili. Ga ɗalibi ya zo ɗakin labarai na wani gidan rediyo, ya san tarihin jarida, ya san dokar ɓata suna, ya haddace sunayen masana da ra'ayoyinsu. Saura rabin sa'a a karanta labarai, edita ya miƙo masa takarda da Turanci ya ce a mai da ita Hausa. Ya zauna ya yi gumi ya kawo. Edita ya karanta a bayyane, sai aka ji kalmomin duk na Hausa ne, amma jimlar ta tsaya da ƙafafun Turanci, tsohuwar da ke sauraro a tsakar gida ba za ta gane wa ya yi wa wa me ba. Edita ya ja jan biro ya raba jimlar uku, ya fara da wanda ya yi aikin, ya cire rabin kalmomin, ya ce masa karanta kamar kana gaya wa kakarka. Ɗalibin nan kamar wanda aka koya wa saƙa da baki ne, bai taɓa riƙe ƙoshiya ba. Laifin kuma ba nasa ba ne, gama kusan duk darussansa da Turanci aka yi su, jarrabawarsa da Turanci, alhali kasuwar da za ta ɗauke shi, daga gidajen rediyon gida zuwa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, Hausa take saye.

Babu abin da ya nuna ƙimar fannonin nan biyu in sun haɗu kamar al'amarin rigakafin shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin yana hana haihuwa, wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta komo ba sai a watan Yuli na 2004, kuma cikin wannan tsakani cutar ta tsallaka ƙasashe da dama har daga baya ta kai Yaman da Indunusiya. Likitoci suna da magani, suna da hujja, amma hujjarsu ba ta buɗe ƙofar gida ko ɗaya ba. Sai da aka zauna aka tambayi mutane, aka saurare su, aka gane cewa tsoron yana da saiwa: ba su manta da gwajin magani da wani kamfanin Amurka ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna mamakin hukumar da ba ta kawo maganin zazzaɓi asibiti amma tana bin gida-gida da ɗigon kyauta. Da aka fahimci haka sai dabara ta sake. Sarakuna suka shigo ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, malamai suka yi bayani a masallatai, aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gidaje suna zantawa da uwaye, waɗanda cutar ta nakasa suka fito suka yi magana da bakinsu, aka haɗa da wasannin kwaikwayo na rediyo. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da wannan cuta ta asali. Wanda ya san tarihin jajis na Nana Asma'u ba zai ga baƙon abu a tsarin matan nan ba. Kuma aikin tambaya da ƙidaya da tsara saƙo da aka yi cikin waɗannan shekaru, irin aikin da ake horar da ɗaliban fannonin nan ne dominsa, shi ne ma ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin abincinsu tun da tsuke bakin aljihun gwamnati na 1986 ya rage kujerun ma'aikatu.

Dokar 1992 da ta halatta gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu ta buɗe wata ƙofar, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, wasu da yawa suka biyo ta, sa'an nan wayar hannu da Facebook suka mai da kowa mai shela. Aiki ya yawaita, amma albashi bai bi shi ba, kuma inda aka bar wakili wata da watanni ba a biya shi ba, ambulan ɗin da ake miƙa masa bayan taro da sunan na goro ko kuɗin mota yakan rinjayi darasin ladabi da ya ci jarrabawarsa. Wannan ciwo ne da ya kamata a faɗe shi ba kunya, domin shi ne ainihin neman kusanci ga masu mulki da Ibn Haldun ya lissafa cikin ƙofofin ƙarya, kuma malami shi kaɗai ba zai warkar da shi ba in masu gidajen ba su biya haƙƙin ma'aikata ba.

A 2020 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da raba karatun sadarwa gida bakwai, jarida dabam, rediyo da talabijin dabam, talla, hulɗa da jama'a, fim, sadarwa don raya ƙasa, da nazarin kafofin labarai. Akwai maslaha a ciki, don sana'o'in sun yi rassa, shekara huɗu ba ta isa a ƙware a dukansu. Amma ina jin tsoron kada yawan rarrabawa ya ƙara nisanta ɗalibi daga tushen da ya haɗa su, har a sami wanda ya iya sarrafa kyamara da kwamfuta amma bai san yadda gado da aure da bashi ke tafiya a ƙauyen da aka aike shi ba, ko wanda ya cika takarda da lissafin bincike amma ba zai iya tsayawa gaban dagaci ya bayyana shi cikin magana biyar ba.

Saboda haka roƙona ga shugabannin waɗannan sassa a jami'o'inmu da kwalejojinmu shi ne, su wajabta wa kowane ɗalibin sadarwa darasin binciken jama'a, su wajabta wa kowane ɗalibin zamantakewa darasin rubutu da magana ga talaka. Su sa rubuta rahoto da Hausa ya zama darasi mai jarrabawa tun daga shekarar farko, su gayyato tsofaffin editoci da masu gabatarwa da suka yi ritaya su zauna a aji su riƙe jan biro. Kuma kada a ba yaro takarda sai ya kwana a ƙauye ya tambayi mutane ya komo da abin da suka ce, tare da sunan wanda ya faɗa da yadda aka tabbatar. Iyaye kuma su kwantar da hankalinsu: ɗan da ya fito da waɗannan abubuwa a hannu yana da sana'a, kuma ƙasar nan tana bukatarsa.